Kwalbar wiski: me ya sa wata 75, wata 70, kuma wacce ce ta gaskiya?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da zuma da man gyada ce a Kaduna. Yawancin kwalaben da nake ɗurawa tsofaffin kwalaben wiski ne da nake saya dozin-dozin wurin masu tara kwalabe. Kwanan baya wata da ta saba saye a wurina ta dawo tana faɗa, wai ta juye zumata a cikin wata kwalba irinta da take da ita a gida, ba ta kai wuya ba, don haka na tauye ta. Wallahi cika ta na yi. Da muka duba sai muka ga a jikin tata an rubuta 75cl, tawa kuma 70cl, alhali tsayinsu ɗaya. Shin wacce ce kwalbar gaskiya? Kuma wa ya yanke wannan girman tun farko?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a sana'a. Ki kwantar da hankalinki tukuna: ke kin cika kwalbarki, ita ma mai sayen abin da idonta ya gani ta faɗa. Kwalaben ne ba girmansu ɗaya ba. Shi cl santilita ne, wato mililita goma, don haka tsakanin 75cl da 70cl akwai mililita 50, wato cokalin cin abinci uku da ɗan ɗori, kuma a zuma wannan ba abin rainawa ba ne. Tambayarki kashi biyu ce, ina girman ya samo asali, sannan wanne za ki riƙe a matsayin awonki. Na yi shekaru a ɗakin gwaji na wata masana'antar kwalabe, aikina kullum shi ne ɗebo kwalabe daga layin injin in auna nauyinsu da cikinsu da kaurin jikinsu, don haka zan ba ki abin da na sani daga nan. Hukuncin abin da aka fara zubawa a kwalaben nan sananne ne a wurinmu, babu mai jayayya a kansa. Amma duk wanda ya yi aikin gilashi dole ya san tarihin kwalbar barasa, domin haraji da dokokin da aka ɗora a kanta ne suka haifar da yawancin ƙa'idojin awon da muke bi a yau.

Lokacin da babu kwalba biyu masu girma ɗaya

Wiski abin Sikotlan da Ayalan ne, daga baya ya haye Amurka da Kanada. Tsohon rubutun da aka fi ambata a kansa yana cikin littafin baitulmalin Sikotlan na shekarar 1494. To amma an shafe ɗaruruwan shekaru ana sayar da shi ba a kwalba ba. A gangar katako yake zuwa shago, mai saye ya taho da tulunsa ko butarsa a auna masa, kamar dai yadda ake tsiyayo manja daga jarka a kasuwanninmu. Gilashi a lokacin kayan masu hali ne. A 1615 Sarki James na ɗaya ya hana masu narka gilashi a Ingila ƙona itace, suka koma kwal, wutar kwal kuma ta fi zafi, sai aka fara samun kwalabe masu duhu da kauri waɗanda ke jure tafiya. Duk da haka gwamnati ta ɗora wa gilashi haraji mai nauyi wanda ba a soke ba sai 1845. Mutum kan mallaki kwalabensa ne kamar yadda ake mallakar kwanukan jere, ya aika a cika masa, a dawo da su.

Kowace kwalba a wancan zamani da baki ake hura ta. Maƙerin zai sa dogon bututun ƙarfe ya ɗebo narkakken gilashi, ya hura, ya juya, ya sake hurawa har ta yi ciki. Wanda ya taɓa zuwa Bida ya ga Masaga suna narka tsofaffin kwalabe suna yin awarwaro da duwatsun wuya zai gane yadda aikin gilashi da hannu yake: gwaninta ce ta ido da hannu, kuma komai ƙwarewar mutum ba zai fitar da guda biyu da suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo ba. Wata kwalbar ta ɗauki abin da ya haura mililita 800, wata ta tsaya wajen 600. Za ki ji ana cewa girman kwalbar yau ya samo asali ne daga iskar da huhun mahurin zai iya fitarwa a numfashi ɗaya. Labarin yana da daɗin ji, amma ni ban ɗauke shi hujja ba, domin mahuri ba numfashi ɗaya yake yi ba, kuma waɗannan mutanen suna hura manyan tulunan gilashi masu cin lita da yawa. Abin da ya fi kama hankali shi ne, wannan ne girman da hannu ɗaya ke iya riƙewa ya tsiyaya, kuma ya dace da lissafin galan, wanda zan zo kansa.

Abu biyu suka canza al'amarin. A 1821 wani mai masana'anta a Bristol, Henry Ricketts, ya yi rajistar wani abin zubi na ƙarfe mai ɓari uku, wanda ake hura gilashin a cikinsa, sai kwalabe suka fara fitowa da siffa ɗaya. Sannan a 1903, a garin Toledo na jihar Ohayo a Amurka, Michael Owens ya fito da injin da ke ɗebo gilashin ya hura da kansa ba tare da bakin mutum ba. Daga nan kwalba ta yi araha, kuma a karon farko hukuma ta sami damar cewa girman kaza muke so, masana'anta ta iya cikawa. Idan kika duba gefen kwalbarki za ki ga wani siririn layi daga gindi har baki, a ɓangarori biyu. Nan ne ɓarin abin zubin suka haɗu, kuma shi ne shaidar inji ne ya yi ta.

Akwai wani dalilin da ya sa aka koma kwalba wanda ya shafe ki kai tsaye, shi ne amana. Muddin daga ganga ake ɗiba, mai shago na iya yin algus yadda ya ga dama, ya ƙara ruwa, ya ƙara launi, wani lokaci har da abubuwa masu cutarwa. A 1870 wani ɗan kasuwa a Louisville ta jihar Kentaki, George Garvin Brown, ya fara sayar da nasa mai suna Old Forester a cikin kwalba rufaffiya kaɗai, don mai saye ya tabbata ba a taɓa ba. A 1897 majalisar Amurka ta yi dokar da gwamnati ke sa hatiminta a bakin kwalba idan abin da ke ciki ya cika sharuɗɗa, ciki har da shekara huɗu a ganga. Kin ga ashe tun asali kwalba alkawari ce tsakanin mai sayarwa da mai saye. Abin da ya haɗa ki da mai sayen zumarki ke nan, kowaccenku ta ɗauka alkawari ɗaya kuka yi.

Galan biyu, kwalba ɗaya

Nan ne gundarin maganar, kuma ina so ki bi ni a hankali domin lissafin yana da kyau. Turawan Ingila suna da galan iri-iri a da. Wanda ake auna ruwan inabi da shi an tabbatar da shi a zamanin Sarauniya Anne, farkon ƙarni na 18, kuma da shi Amurkawa suka tafi suka riƙe har yau. Girmansa lita 3.785. Su kuwa mutanen Birtaniya, a 1824 sai suka soke tsofaffin galan ɗinsu suka kafa sabo guda ɗaya mai lita 4.546. Wannan na biyun shi muka gada lokacin mulkin mallaka, shi ne galan ɗin da iyayenmu ke sayen kalanzir da fetur da shi.

To kwalbar da aka riga aka saba da ita, idan aka gwada ta da galan ɗin Birtaniya, guda shida ne ke cika shi. Raba 4.546 gida shida, ki sami mililita 757 da 'yan kai. Idan kuma aka gwada ta da galan ɗin Amurka, guda biyar ne ke cika shi. Raba 3.785 gida biyar, ki sake samun mililita 757. Kwalba ɗaya ce, kowa ya ba ta suna da awonsa. Amurkawa suka kira ta fifth, ma'ana ɗaya bisa biyar, kuma a gindin tsofaffin kwalabensu za ki ga an zana 4/5 na kwata, wato na kwatar galan ɗinsu. A Birtaniya sunan da suka ba ta ma'anarsa kwata ce a baki kawai, domin kwatar galan ɗinsu ta gaskiya ta haura lita ɗaya. A jikin tsofaffin kwalaben Sikotlan za ki ga 26⅔ na awonsu na oza. Amfanin wannan girman ga ɗan kasuwa da jami'in kwastan a fili yake: akwati mai dozin ɗaya galan biyu ne cif na Birtaniya. Ba sai an buɗe an auna ba, ƙirga akwati kawai za a yi a yanka haraji. Har yau akan lissafa kwalabe da dozin, kamar yadda ke ma dozin-dozin kike sayensu fanko.

Da duniya ta juya zuwa awon lita sai aka nemi lambar da ta fi kusa da 757 mai sauƙin rubutu, aka tsaya a 750. Amurka ta wajabta wannan ga barasa mai ƙarfi daga ranar 1 ga Janairun 1980. Kwatarsu mai mililita 946 ta zama lita ɗaya, rabin galan mai kusan lita 1.9 ya koma lita 1.75, wato babbar kwalbar nan da wani lokaci ake yi wa mariƙi. Birtaniya ma a wannan tsakanin ta koma 75cl. Don haka akwai 'yan shekarun da kusan kowa ke kan 75, kuma idan kika ce wacce ce ta asali, to ta mai sayenki ta fi kusa da tsohon girman.

Saba'in ɗin daga Turai ta fito. Ƙasashen ƙungiyar kasuwancin Turai, wadda ta zama Tarayyar Turai, sun so kaya su riƙa ƙetare iyakokinsu ba tare da kowace ƙasa tana da girmanta ba. A ƙasashe irin su Faransa da Jamus an riga an saba da 70cl ga barasa mai ƙarfi, sai aka tsayar da ita ga kowa, aka bar 75cl ga ruwan inabi. A farkon shekarun 1990 masu yin wiski na Sikotlan da Ayalan suka bi. Dokar Tarayyar ta 2007 ta jera girman da aka yarda da su tsakanin mililita 100 da lita 2, su ne 100, 200, 350, 500, 700, 1,000, 1,500, 1,750 da 2,000. Ki lura babu 750 a ciki. Wasu na cewa an zaɓi 700 ne don tana rabuwa daidai gida 28 da ɗan ma'aunin mililita 25 da ake amfani da shi a mashayun Birtaniya. Rabuwar gaskiya ce, amma wancan ma'aunin sai 1995 ya maye gurbin tsohon, bayan kwalbar ta riga ta canza, saboda haka ba zai zama shi ne sanadi ba.

Abin da ya biyo baya ya ba masana'antu wahala ta kusan shekara talatin. Kamfani ɗaya a Sikotlan, kaya iri ɗaya, takarda iri ɗaya, amma dole ya yi abin zubi biyu: 70 don Turai, 75 don Amurka, domin kowanne ɓangare dokarsa ta hana girman ɗayan. Sai a Disamban 2020 hukumar da ke kula da harajin barasa a Amurka ta yarda a shigo da 700, tare da 720 da 900 da lita 1.8. Waɗannan na bayan saboda Japan ne, wadda ke da tsohon awonta mai mililita 180. Huɗunsa 720, gomansa lita 1.8. Indiya da Afirka ta Kudu da Kanada suna kan 750, Ostireliya tana kan 700. A Indiya za ki ga ƙananan 375 da 180, a Kanada kuma akwai wata mai lita 1.14 da ta rage daga tsohon awon Birtaniya. Shagunan filin jirgin sama sun fi son lita ɗaya.

Mu kuma kasuwarmu ta kowa ce. Abin da aka ɗura don kasuwar Turai ya iso nan ta Legas ko Kwatano, 70 ne. Abin da ya fito daga Amurka ko Indiya ko Afirka ta Kudu, galibi 75 ne, haka ma yawancin manyan kwalaben da ake ɗurawa a cikin gida. Duk sai su haɗu a buhu ɗaya wurin ɗan jari-bola. Dangantakarmu da irin waɗannan kwalaben ma tsohuwa ce. A ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai sun riƙa sauke barasar da ake kira jin, ta Holan da Jamus, a gaɓar Afirka ta Yamma cikin korayen kwalabe masu kusurwa huɗu, har ta kai a wasu sassan kudancin Nijeriya ana ciniki da kwalbar kamar kuɗi. Bayan yarjejeniyar Burasels ta 1890, Turawan mulki sun sa Arewa cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa wannan barasa. Abin da ke ciki aka hana, gilashin kuwa ya sami aikin yi, har kwalba ta zauna cikin awonmu kusa da mudu da tiya, ba tare da wani ya taɓa tsayar da ko wace kwalba ake nufi ba.

Yadda tsayi ɗaya ke ɓoye ciki biyu

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan kwalba kam ido yana faɗuwa, kuma da saninsu masu zane suke yi. Kamfani ba ya son kwalbarsa ta 70 ta zama gajera a kan kanta kusa da ta wani, don haka ba daga tsayi ake rage mililita 50 ɗin ba. A kwalba mai faɗin santimita 7, idan aka rage milimita 2 zuwa 3 daga faɗin cikinta, an gama. Ko a ƙara kaurin gindi, ko a lotsa gindin ya shiga ciki, ko a sauko da kafaɗa kaɗan. Na sha ajiye biyu a gaban sababbin ma'aikata in ce su nuna babbar, rabinsu su nuna wadda ta fi nauyi, alhali nauyin gilashi ne. Na auna kwalba fanko da ba ta kai giram 400 ba, na kuma auna mai neman giram 900, duka biyun 70cl.

Siffofin ma kowacce da dalilinta, ko da yake ba zan daɗe a nan ba. Mai kusurwa huɗu ta Johnnie Walker, wadda masu gyaɗa ke so saboda ba ta gangarawa a faranti, an fito da ita ne a ƙarni na 19 don ta fi shiga akwati da yawa kuma ba ta yawan fashewa a jirgin ruwa. Akwai mai kusurwa uku ta Grant's da Glenfiddich, akwai mai lotsawa uku ta Haig. Murfin murɗawa da kike jin daɗinsa, kamfanin White Horse ne ya fara sa shi a wiski a 1926. Kafin nan da ɓawon wata bishiya ake toshewa, kamar yadda ake toshe kwalbar manja da totuwar masara.

Wani abu kuma da masu sayarwa da yawa ba su sani ba: lambar da aka rubuta ba cikar kwalba har baki take nufi ba. Ana barin sarari a wuya domin ruwa na kumbura idan ya ji zafi, barasa ma ta fi ruwa kumbura. Awon ana yin sa ne a zafin digiri 20. A gwajin da na saba yi, kwalbar 70 idan aka cika ta har leɓe takan ɗauki ƙarin mililita 20 zuwa 30. Ke nan idan ke kina cikawa har baki, ita kuma mai sayen tana kallon gindin wuya, an sami wani bambancin a kan na farko.

Ki juya kwalba ki dubi gindinta ko ƙasan gefenta. A yawancin na Turai za ki ga lambobi a jikin gilashin kansa, ba a takarda ba: 70cl ko 700ml, kusa da ita wata lamba da mm, misali 60mm. Wannan ta biyun tana gaya miki nisan da za a bari daga leɓen kwalba zuwa saman ruwan don a sami 70 ɗin daidai. Wani lokaci za ki ga wata alama mai kama da lamba 3, ita ce shaidar an ƙera kwalbar ta zama ma'auni bisa ƙa'idar Turai. 'Yan ɗigo-ɗigon da ke jere a ƙasa lambar abin zubi ce, ta ma'aikata ce, ba ruwanki da ita. Wannan rubutun na jikin gilashi ya fi takarda amfani a gare ki tunda wanki ba ya cire shi.

Abin da nake ganin ya fi miki

Bari mu mayar da shi kuɗi. Kwalba 15 na 70 daidai suke da kwalba 14 na 75, duka lita 10.5. Jarka mai lita 25 za ta ba ki kwalba 33 da ɗan saura idan 75 ce, amma 35 da fiye da rabi idan 70 ce. Wanda ya sayi kaya da babbar ya sayar da ƙaramar a farashi ɗaya yana cin kwalba ɗaya a kowace goma sha biyar, ko ya sani ko bai sani ba. Ke ma ana iya yi miki haka a wurin sari. Tunda yanzu kin sani, maganar tauye mudu ta hau kanki, kuma ba sai na tuna miki girmanta a addini ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki ware kwalabenki gida biyu tun ranar da kika saye su, ki sa wa kowanne kashi farashinsa, ki kuma gaya wa mai saye da bakinki wannan 70 ce, wannan 75. Idan ta 75 naira 7,500 ce, ta 70 naira 7,000 ke nan, lissafin ba wuya. Wasu sukan zaɓi girma ɗaya su ƙi karɓar ɗayan daga mai kawo musu, wannan ma ya yi, sai dai za ki riƙa rasa kwalabe a wasu lokutan. Amma idan shawarata za ki bi, a zuma ki koma sikeli. Zuma ta fi ruwa nauyi, lita ɗaya tana kai kilo 1.4 ko sama kaɗan. Kwalbar 70 tana ɗaukar kusan kilo ɗaya, ta 75 kuma kilo ɗaya da giram 50 zuwa 70. Kin ga a nan ƙaramar ta zo miki da sauƙi, sai ki ce kilo ɗaya nake sayarwa, ki ɗora fanko a sikeli, ki mayar da shi sifiri, ki zuba har ya nuna 1,000. Man gyada kuwa ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya wajen giram 910 zuwa 920 ne, don haka kada ki ɗauki lissafin zuma ki ɗora masa. Idan kuma kika sami kwalbar da ba rubutu ko kaɗan, ki auna ta fanko, ki cika ta da ruwa zuwa inda kike tsayawa, ki sake aunawa. Bambancin giram ɗin shi ne mililitanta, domin giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne. Haka muke yi a masana'anta, sikelinmu ne kawai ya fi na kicin kaifi.

Tunda abinci kike zubawa, ga abin da ya dame ni fiye da awon. Ba ki san hannun da kwalba ta bi kafin ta zo gare ki ba. Wadda kika ji warin fetur ko kalanzir ko fiya-fiya a cikinta, ki jefar, kada ki ce wanki zai gyara. Wadda bakinta ya ɗan ɓantare ma haka, domin ɓarɓashin gilashi a cikin zuma ba ya ganuwa. Ki cire robar nan da ake cusawa a wuya don hana sake ɗuri, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu, kada ki kwara tafasasshen ruwa a kwalba mai sanyi don tana iya tsagewa. Ki kife ta ta bushe ƙarƙaf, saboda zuma na jan ruwa, kuma idan ruwanta ya yi yawa sai ta fara tsami tana kumfa. Murfin ki canza sabo, shi ne ke riƙe wari. Kwalaben ado masu nauyi da walƙiya da ake ajiyewa a falo, wasunsu akwai dalma a gilashinsu, kada ki ajiye abin ci a ciki.

Takardar jiki kuma ki kankare ta duka, kuma kada ki sayar da kwalba mai cikakkiyar takarda da murfinta ga wanda ya zo yana nema da tsada. Masu haɗa barasar jabu ne ke farautar irinsu, kuma abin da suke zubawa yana makantarwa, yana kisa. Matsalar tsohuwa ce: bayan Amurka ta ɗage haramcin barasa da ta yi daga 1920 zuwa 1933, daga 1935 har 1964 sai da aka riƙa zana gargaɗi a jikin gilashin kowace kwalba cewa dokar tarayya ta hana sayar da ita ko sake amfani da ita.

Na san wasu masu saye za su tambaye ki ko ya halatta a ci abin da aka zuba a kwalbar da ta taɓa ɗaukar giya. Wannan fagen malaman fiƙihu ne, ki kai musu. Abin da zan iya shaida a kai daga ɓangarena shi ne gilashi ba kamar tukunyar ƙasa ko ƙwarya ba ne, ba shi da ƙofofin da ruwa ke shiga ya zauna, idan aka wanke shi da kyau babu abin da ke saura a jikinsa. Idan kuma ciniki ya ƙara buɗewa, sababbin kwalabe masu faɗin baki sun fi dacewa da zuma, domin lokacin sanyi idan ta daskare mai saye zai iya sa cokali ya ɗiba. Ita kuwa wadda ta dawo da ƙorafi, ki kira ta, ki kife kwalaben biyu a gabanta ta karanta gindinsu da idonta, sannan ki cika mata mililita 50 ɗinta idan farashin 75 ta biya.